Ƙugin Boris: Abin da Mai Akori-Kura Ya Kamata Ya Sani Tun Taya Ba Ta Fice Ba

Duk wanda ya daɗe yana jan akori-kura ya san ƙugin nan. Yakan fara ƙasa-ƙasa daga wajen ƙafar gaba, sai mota ta kai gudun kilomita 50 ko 60 sannan kunne ya kama shi. Ka ƙara wuta ya ƙaru, ka sassauta ya lafa. Da yawanmu sai mu ɗora wa taya laifi, ko mu ce kwaltar ce ta lalace, mu ƙure rediyo mu ci gaba da tafiya. Sau tari kuwa boris ne yake sanar da mai mota cewa kwanansa ya kusa ƙarewa. Yana cikin 'yan kayan motar da ba sa mutuwar fuju'a. Yakan yi makonni yana kuka, wani lokaci ma watanni, kafin ya watse. Ranar da ya watse kuwa, ko dai tayar ta ƙame ƙam mota na cikin gudu, ko ta fice ta bar motar a kan ƙafa uku.

Ni sana'ata jigilar kaya ce. Tsohuwar Hilux nake ja, da kaka ina kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, da damina kuma taki nake kai wa manoma. Mai irin wannan sana'a dole ya saba da bencin gareji. Abin da zaman bencin nan ya koya mini shi ne, hanya tana cin boris, wannan ba musu, amma boris ɗin da ya mutu wata uku bayan saye, tun ranar ɗaura shi aka yi masa illa. Don haka mai mota yana da buƙatar sanin yadda aikin yake, ko da ba zai taɓa riƙe sifana ba.

Abin da ke bayan taya

Idan aka cire tayar gaba, abin da za ka fara gani shi ne faifan birki, da ƙusoshi biyar ko shida da suka leƙo ta cikinsa. Ƙarfen da ke riƙe da ƙusoshin nan shi ne hob. Jikinsa ake ɗaure taya, kuma tare suke juyawa. Ita kuwa ƙafar motar, wadda sitiyari ke karkatawa hagu da dama, ba ta juyawa da tayar. A tsakanin mai juyawa da maras juyawa boris yake zaune.

Zobba biyu ne na ƙarfe mai tsananin tauri, babba da ƙarami, an goge su sun yi sumul. A tsakaninsu an jera 'ya'ya, ko dai dunƙulallu ko kuma 'yan gajerun sanduna, da wata raga da ke raba su don kada su gogi juna. In ka taɓa ganin yadda ake matsar da injin niƙa a kan guntayen bututu maimakon a ja shi a ƙasa, to ka gane dabarar: abin da ke mirginawa ba ya cin ƙarfi kamar abin da ake ja. Giris shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Sil kuma, wato zoben robar da ke toshe bakin, shi ke tsare giris a ciki, ya tsare ruwa da ƙura a waje.

Aikin da wannan ɗan abu yake yi ba kaɗan ba ne. Tayar Hilux takan juya sau 400 da 'yan kai a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, an doshi juyi 100,000 ke nan a zuwa kawai. In mota na gudun kilomita 100 a awa, tayar na juyawa sau 11 zuwa 12 a daƙiƙa ɗaya, ga nauyin inji a kanta. Kuma nauyin iri biyu ne. Akwai na sama, mai danna tayar ƙasa, akwai na gefe, wanda ke tura ta duk sanda aka sha kwana. Wannan nauyi na gefe shi ya dami Henry Timken, wani maƙerin kekunan doki a birnin St. Louis na Amurka, har ya ƙirƙiro boris mai 'ya'ya masu tsukakken kai ɗaya, aka yi masa rajistar ƙirƙirar a 1898. Da yake 'ya'yan a karkace suke zaune, suna ɗaukar nauyin sama da na gefe a lokaci guda. Har yau irinsa ne a ƙafar gaban tsofaffin akori-kura da manyan motoci.

Tsohon yayi da sabon yayi

Kafin a sayi komai sai an san wane iri ne a motar, domin aikinsu ya sha bamban.

Tsohon yayi shi ne boris biyu a kowace ƙafa, na ciki ya fi girma, na waje ƙarami, suna fuskantar juna, noti ɗaya ke saita matsinsu. Ana iya kwance su a wanke, a sake cika su da giris, a mayar. Toyota ta fara fitar da Hilux a 1968, kuma irin wannan tsari ta bi shekaru da dama, har zuwa samfurin da aka daina yi wajen 2005. Ga wanda ya tashi ya tarar da akori-kurar Peugeot, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, kwance hob a cusa giris ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

Sabon yayi kuwa, wanda ke kan Hilux daga wajen 2005 zuwa yau da mafi yawan takwarorinta, boris ɗaya ne mai layi biyu na 'ya'ya, a rufe yake zuwa daga masana'anta da giris ɗinsa a ciki. Ba a buɗe shi, ba a ƙara masa giris, ba a saita shi. In ya mutu sai sabo. A wasu motocin matsa shi ake yi cikin ƙafar, a wasu kuma yana da kunnuwa da ake ɗaurewa da ƙusoshi huɗu, sannan a matsa hob a cikinsa. Ana kuma sayar da hob da boris a haɗe, a ɗaura kawai. Wannan ya fi tsada, amma ya rage wuraren da za a yi kuskure.

Yadda ake kama mai laifi

Ƙugin boris gudun mota yake bi, ba ruwansa da gudun inji. Sami miƙaƙƙiyar hanya da ba cunkoso, ka kai gudun da ƙugin ke fitowa, ka ɗaga ƙafa daga totur. In juyin inji ya sauka amma ƙugin na nan daram, to daga ƙafa yake. Sai ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali, ba fizga ba. Idan ka karkata hagu nauyin motar kan koma ƙafar dama, in ka karkata dama ya koma ta hagu. Galibi ɓangaren da ƙugin ya ƙaru sanda nauyi ya hau shi, nan ciwon yake.

Sai dai taya ma tana ƙugi, musamman wadda ta cinye tudu da kwari, ko mai manyan haƙora irin ta shiga daji. Shafa tafin hannunka a kanta, in ka ji gargada to ka zarge ta. Hanya mafi arha ta raba gardama ita ce ka sa mai faci ya mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In ƙugin ya bi tayar ya koma baya, ka huta da sayen boris.

In bai bi ba, sai a ɗaga ƙafar da jak. A kama tayar sama da ƙasa a girgiza. In ana jin ƙwas-ƙwas, akwai wasa, amma ba lalle boris ba ne, domin bol-joyin ma yana yin haka. A nan ne na ga dabarar da ta burge ni a wurin dattijon bakaniken da nake kai wa mota. Sai ya ce da yaronsa, "Kai, shiga ka taka mini birki, kar ka saki sai na ce." Ya sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne, saboda birki ya kama faifan ya haɗe shi da ƙafar. In wasan na nan, a nemi laifin a bol-joyin ko bushin. Wasan da ake ji in an kama tayar ta gefe da gefe kuma, yawanci na tayarod ne. Daga nan sai ya dafa sifirin ɗin ƙafar, ko wani ƙarfe na jikinta, da hannu ɗaya, ya wulwula tayar da ɗaya hannun. Lafiyayyen boris shiru yake juyawa. Wanda ya ci kansa kuwa, za ka ji gurzarsa tana ratsa ƙarfen har cikin yatsunka, ko da kunne bai ji komai ba.

Akwai wasu alamun. Bayan doguwar tafiya, kusanto bayan hannunka tsakiyar wili na hagu da na dama. In ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, akwai magana, ko da yake birkin da ya kama shi ma yana kawo zafi. Fitilar ABS kan kama a gaban direba, domin na'urar da ke ƙirga juyin taya a jikin hob take karatu. Birki kuma kan yi nisa: ka taka ya tafi ƙasa, ka sake takawa ya dawo daidai. Faifan ne ke rawa saboda wasan boris, yana tura fad baya. Wanda ya kai wannan mataki, kada ya ce bari in kai lodin nan tukuna.

Me ke cin sa?

A hanyoyinmu babban maƙiyinsa ruwa ne. Mota ta yi tafiya hob ya ɗau zafi, sai a faɗa rafi ko kwatamin da ya cika ya shafe hanya. Ƙarfen ya huce farat ɗaya, iskar da ke ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa da laka ta gefen sil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sil ɗin da ya tsufa ya bushe kuwa ba ya tare komai. Giris ɗin da ya sha ruwa kan dame ya yi fari-fari, daga nan tsatsa ta fara aikinta. Mai wankin motar da ke saita bakin injin feshi kai tsaye a tsakiyar wili, shi ma irin wannan ɓarna yake yi. Da rani kuma ƙura ce ke shiga ta haɗu da giris tana goge ƙarfen.

Sai rami. Idan taya ta doki bakin rami da gudu, 'ya'yan boris kan yi wa zoben ɗan lotsi wanda ido da ƙyar yake gani. Daga ranar, duk juyi sai sun bi ta kan lotsin nan, har wurin ya fara ɓarewa. Lodin da ya wuce kima yana ƙara wa abin tsanani, haka ma faffaɗan wili da ke turo taya waje don ado, domin yana sauya inda nauyi ke sauka. Akwai kuma wanda mutane ba su cika lura da shi ba: walda. In mai walda ya maƙala wayar ƙasa a jikin wili ko hob, alhali yana aiki a wani wuri a jikin motar, wutar za ta ratsa ta cikin boris, ta bar ƙananan tabon ƙuna a kan 'ya'yan. A maƙala wayar kusa da inda ake waldar.

A kasuwar kayan gyara

Sunayen da aka sani a wannan fanni ba su da yawa. Akwai Koyo da NSK da NTN na Japan, waɗanda su ne aka fi samu a jikin motocin Japan tun daga masana'anta. Akwai SKF na Suwidin, kamfanin da aka kafa a 1907, akwai Timken na Amurka. Matsalar ita ce kwali ba ya rantsuwa. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka je, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, na gaske da jabu a kwali iri ɗaya suke zuwa. Mai shago na kirki zai fito maka da su ya ce, "Alhaji, ga mai kyau, ga mai bi masa, ga kuma na lallaɓawa." Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, kuma farashinsa ya yi ƙasa da na kowa, ka tuna araha ba ta ado.

Ka tafi da lambar shasin motarka, ko da tsohon boris ɗin a hannu, domin akwai lamba a jikin zobensa. Hilux mai jan ƙafa biyu da mai jan ƙafa huɗu ba boris ɗaya suke ci ba, ko da shekararsu ɗaya. Duba rubutun da ke jikin ƙarfen, ya kasance tsaf, ba a karkace ko a dusashe ba. Duba gogewar, kada ka ga tsatsa ko kaifin da ba a share ba. Ka sayi sabon sil tare, da sabon fil na kulle noti. Su ne mafi arha a cikin kayan, su ne kuma aka fi yin rowarsu.

Hob ɗin Beljiyam fa? Caca ce. Kana iya dacewa da na asali mai sauran kwana, wanda ya fi sabon jabu, kana kuma iya sayen wanda kwanansa ya ƙare tun a can. In dole ta sa, juya shi da hannu ka saurara, ka tabbata ba gurza, ba wasa, sil bai yage ba. Shi kansa hob ba kullum ake sauya shi ba. Ana sauya shi ne in wurin zaman boris ya cinye har zoben na juyawa a sake, ko ya yi shuɗi saboda zafi, ko fuskarsa ta lanƙwashe, ko ƙusoshin sun lalace. Amma in ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, sa sabon boris a tsohon hob zubar da kuɗi ne. Ka ga bakanike ya ɗauko guduma yana tsattsaga wurin zaman don zoben ya kama, ka dakatar da shi.

Ranar aiki

Farkon abin dubawa shi ne inda za a yi aikin. Garejinmu da yawa a kan rairayi suke, kuma ƙwayar yashi ɗaya a cikin giris ta isa ta fara ɓarna. A shimfiɗa kwali ko buhu mai tsabta, kada a fitar da sabon boris daga ledarsa sai lokacin sa shi ya yi. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa, a sa weji a tayoyin baya, a ɗaga, sannan a tokare motar da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, bulon siminti kuma fashewa yake yi ba sallama. Idan an kwance kalifar birki, a rataye ta da waya a jikin ƙafar. Kada a bar ta tana reto a kan tiyon mai, domin tiyon na iya tsagewa ta ciki ba a gani ba.

A tsohon yayi, ana cire murfi da makullin noti, a kwance notin, boris na waje ya faɗo a hannu, a zaro hob. Ta baya a ɓanɓare sil a fitar da na ciki. Sauran manyan zobban nan biyu da ke manne a cikin hob, waɗanda bakanikai ke ce wa kofi. Nan ne ragon bakanike ke yin ha'inci: ya bar tsohon kofi ya ɗora sababbin 'ya'ya a kai, don fitar da shi akwai wahala. Kofi da 'ya'yansa tare suke tsufa, tare kuma ake sauya su. Ka sa a fitar da tsohon a goge shi da tsumma, ka ɗaga shi a hasken rana. Inda ya kamata ya yi ƙyalli za ka ga layi mai duhu, da 'yan ramuka inda ƙarfen ya ɓare, wani lokaci da tabon tsatsa a jere daidai tazarar 'ya'yan, alamar motar ta kwana da ruwa a ciki. Wannan ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba shi ne yake ta ƙugin nan.

Da sandar tagulla ake fitar da kofi, ana bugawa gefe da gefe don ya fito a miƙe. A wanke hob da sandar ƙafa da kananzir, a bari su bushe. Sabon kofi a shigar da shi a daidaice, a ɗora tsohon a kansa ana bugawa a hankali, kada guduma ta taɓa fuskarsa. In ya zauna, ƙarar bugun kan sauya ta koma tsaf, kunnen gwani ya san ta.

Cusa giris shi ne wurin da nake gane bakaniken da ya koyi aiki. Dattijon nan nawa kan ɗebo giris ya tara a tafin hannun hagu, ya riƙe boris da dama, faffaɗan bakin yana ƙasa, ya riƙa dangwalar gefen tarin yana dannawa a tafin. Kowace dannawa giris na kutsawa tsakanin 'ya'yan, har ya ɓullo ta sama. Sai ya ɗan juya ya ci gaba, har ya zagaye. Ran nan yaronsa ya shafa wa wani boris giris a bayansa kawai ya miƙo, sai ya mayar masa ya ce, "Kwalliya na ce ka yi masa? Sai na ga ya fito ta ɗaya gefen." Giris ɗin kuma ya zama na ƙafar mota mai jure zafi, daga gwangwani rufaffe, ba na awo da ake buɗewa a bakin titi ba. Kada a gauraya iri biyu, domin wasu in sun haɗu tsinkewa suke yi. Kada kuma a cika cikin hob taf, yawansa zafi yake kawowa.

Sai saita noti, inda aka fi kashe boris. Ana ɗaure shi da ɗan ƙarfi ana juya hob don komai ya zauna, sannan a sassauta, a sake matsawa kaɗan, daidai inda wasa ya ɓace amma hob na juyawa ba tare da tauri ba. Littafin gyaran Toyota ma da ɗan sikeli mai ƙugiya ya ce a auna, a saƙala a ƙusar taya a ja, a ga ƙarfin da hob ke buƙata kafin ya motsa. Mai cewa "bari in ɗaure tamau don kar ta kwance" ya yanke wa boris hukunci, zafi zai narkar da giris kafin a kai Zariya. Abin da ke hana noti kwancewa makullinsa ne, fil ko washa mai kunne da ake lanƙwasawa, kuma sabo ake sawa. Ƙusar kafinta ba ta maye gurbin fil.

A sabon yayi ba saiti, ba cusa giris, amma akwai nasa tarkon. Na farko na'urar ABS, a zare ta a hankali kafin a fara bugun komai, domin ba ta da ƙwari kuma tana da tsada. Na biyu matsi. Da injin matsi ake fitar da boris a shigar da sabo, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ƙarfi ya sauka a kan zoben da ake shigarwa, kada ya ratsa ta cikin 'ya'yan. In cikin ƙafa ake shigar da shi, zoben waje ake dannawa. In hob ake shigarwa cikinsa, zoben ciki ake tokarewa. Wanda ya ɗora katako ya kama dukan sa da babbar guduma ya riga ya yi masa irin lotsin da rami ke yi, tun motar ba ta taka kwalta ba. Irin wannan ne ke fara kuka bayan 'yan makonni, a ce kayan jabu ne. In garejin ba su da injin, a ɗauki ƙafar a kai inda yake, kuɗin matsin bai kai rabin kuɗin wani boris ɗin ba. Rabin tsohon zoben ciki kan maƙale a wuyan hob. A zare shi da abin zara, ko a ɗan tsaga shi da injin yanka a fasa, ba tare da an ji wa wuyan ciwo ba. A wasu motocin kuma gefe ɗaya na boris yana ɗauke da maganaɗisun da ABS ke karantawa, in aka juya shi baibai fitila ba za ta mutu ba sai an sake sayen wani.

Na uku babban notin shaf a mota mai jan ƙafa huɗu. Shi ke matse boris ɗin ya riƙe shi, don haka kada a sauke motar a kan tayarta, balle a tura ta, alhali notin na sake. Ƙarfin ɗaurinsa a rubuce yake a littafin motar, a Hilux ya haura nitan-mita 200, kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi, wadda ke yin ƙas in an kai adadin. Zura bututu a sifana yaro ya hau yana tsalle ba awo ba ne.

Ƙafa ɗaya ko biyu?

Wannan tambaya kullum sai an yi ta. A tsohon yayi ni dai biyun nake buɗewa, ko da ɗaya ce ke kuka, domin rafi ɗaya suka shiga, rami ɗaya suka faɗa. Wadda ke da lafiya a wanke ta, a sabunta giris da sil. Mai shiga ruwa ya riƙa yin haka duk ƙarshen damina, ba sai ya ji ƙugi ba. A sabon yayi kuwa, in ɗaya ƙafar shiru take kuma ba wasa, ba laifi a bar ta. Amma in motar ta yi nisan tafiya kuma tun na masana'anta ne a jiki, gara a yi su tare in aljihu zai ɗauka, musamman ga mai bin hanyar da ba gari kusa.

Kafin ka bar garejin, taka birki sau da yawa motar na tsaye har ya yi tauri, domin fad ya ja baya lokacin aikin, takun farko ba ya kama komai. Notunan taya a ɗaure su ana tsallakawa, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba, kuma a sake bin su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. In an kwance ƙafar gaba ɗaya, a kai ta saiti don kada ta ci taya. Yi ɗan zagaye da bakaniken a gefenka, ku saurara tare, ku dawo ku taɓa wili. Ɗumi ba komai, zafin da hannu ba zai iya jurewa ba kuwa, a sake buɗewa nan take.

Ka kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire, kofi da 'ya'ya da sil, ka ƙirga su. Bakaniken kirki ba ya jin haushin haka, shi da kansa zai zube maka su a kan kwali ya nuna maka inda suka ci. Wanda ya ɓata rai don ka tambayi ina injin matsi, ina sifana mai awo, ka biya shi ladan abin da ya yi, aiki na gaba ka nemi wani garejin.